Likitan Iyali da Sha'anin Tafiyar da Asibiti



Maganarmu ta yau ta shafi horon masu neman ƙwarewa a likitancin iyali, wato likitan da yake duba yaro da babba, mace da namiji, sa'an nan ya tura wanda ciwonsa ya tsananta wurin gwanin wannan ciwo. Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, tana ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni. Ra'ayinmu shi ne, horon bai cika ba muddin ba a koya wa likita tafiyar da asibiti ba.

Dalili kuwa, da yawa cikinsu in sun gama akan danƙa musu asibiti sukutum a wani gari. Nan take sito da jadawalin aikin dare da man janareto da katunan majiyyata duk su koma wuyansu. Allurar rigakafi tana bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8. In firji ya mutu ba wanda ya lura, iya duba mara lafiya ba zai hana ta lalacewa ba.

Mu ɗauki misalin asusun magani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka amince a riƙa sayar da magani da 'yar riba kaɗan, a mayar da kuɗin a sayo wani. Tsarin yana da kyau, amma yakan rushe in bashi ya yi yawa, ko wa'adin magani ya wuce yana kan kanta, ko aka sa kuɗin a wata hidima. Likitan da bai iya karanta littafin sito ba, sai kantoci sun wayi gari fayau zai farga.

Haka kuma inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005, dokar 2022 kuma ta wajabta ta. A ƙarƙashinta akan biya asibiti kuɗi ƙayyadajje kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Wanda bai san lissafi ba zai ci bashi, ko ya tauye wa majiyyaci haƙƙinsa.

Saboda haka muna kira da a keɓe wa kowane mai neman ƙwarewa lokaci ya zauna a sito, da ofishin akanta, da ɗakin ajiye katuna, ya tsara kasafin shekara da hannunsa, a kuma jarraba shi a kai. Ku kuma ma'aikatan ofis, ku buɗe musu littattafanku ba tare da ƙyashi ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.