Kafe na da amfani, mu ne ke ɓata shi



Yau kan kafe za mu tattauna, wannan da muke sha a teburin mai shayi, a fada, a tasha, ko tsakar dare in jarrabawar BAC ta matso. Wasu sun ce guba ne, wasu sun ce magani ne. To, me masana suka gano?

Abin da ke wartsake mutum a cikinsa shi ne kafeyin. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, adenozin, da ke taruwa tun safe yana shaida wa jiki an gaji. Kafeyin tare wannan saƙo yake yi: gajiyar na nan, jinta ne ba ka yi. Shi ya sa tun ƙarni na 15 sufayen Yaman ke shan gahawa don raya dare da zikiri.

Bincike da dama ya nuna masu shan kafe daidai kima ba su cika kamuwa da ciwon sukari irin na manya, ko ƙandarewar hanta, ko sankarar hanta, kamar waɗanda ba sa sha ba. A 2016 sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya fitar da kafe daga jerin abubuwan da ake zargi da kawo sankara. Amma a kula, ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, kuma kafe ba ya maye gurbin gwaji da rigakafi.

To ina matsalar? Tana hannunmu.

Na farko, sukari. OMS ta ce kada babba ya wuce kusan giram 50 a yini, wato cokalin shayi 12, har da na abinci da lemu. Mu kuwa kofi guda sai a zuba cokali huɗu, a bi da madarar gwangwani mai zaƙi. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Na biyu, yawa da lokaci. Ga babba mai lafiya, iyaka miligiram 400 na kafeyin ne a yini, kusan kofi huɗu. Mai ciki rabin haka. Kuma bayan awa biyar, kusan rabin kafeyin ɗin na nan a jini. Ɗan lakwal, ka sha bayan magariba, barcinka ya tafi, alhali cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta.

Na uku, kafe da shayi na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Ƴan uwa mata masu fama da ƙarancin jini, ku bar ko da awa guda tsakanin cin abinci da sha.

Na huɗu shi ne mafi muni: tramol da ake jefawa cikin Nescafé, wai don ɗan kabu-kabu ko lebura ya yini bai gaji ba. Wannan ƙwaya na kama mutum ya kasa rabuwa da ita, tana sa jijjiga kamar farfaɗiya, tana iya tsayar da numfashi. Duk inda za ka saya, a haɗa maka a gaban idonka. Abokinka da ya faɗa ciki kuma, kar a yi masa dariya, a raka shi wurin lokotoro.

Ku kai wannan magana fadojinku yau da dare. Allah ya ba mu lafiya.