Injin Sassaƙar Ƙarfe Mai Bin Umarnin Kwamfuta da Matsalar Awo a Wurinmu

Shugaban wannan taro, malamai, iyayenmu maƙera da masu walda da suka rufe shagunansu suka zo, ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan injin da ake kira CNC, wanda ke sassaƙa ƙarfe da roba bisa umarnin kwamfuta. Duk wanda ya taɓa ganin masassaƙi ya tasa gungumen itace a gaba da gizago, yana ragewa har turmi ya fito, ya san tushen aikin. Ana ɗaure dunƙulen ƙarfe tamau a kan teburin injin, wani haƙori mai kaifi yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, yana cin ƙarfen kaɗan-kaɗan har abin da aka zana ya bayyana. Sai dai a nan ba hannun mutum ke jan haƙorin ba, lambobi ne ke kai shi hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Manyan injunan har karkata teburin suke yi, su juya shi, don haƙorin ya kai lungun da ba zai kai ba a tsaye.

Asalin abin daga Amurka ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani mai masana'anta a garin Traverse City na jihar Mishigan, John Parsons, yana ƙera fukafukan jirgin sama mai saukar ungulu. Lanƙwasar fiffiken ba ta yafe kuskure. Shi da injiniyansa Frank Stulen suka riƙa lissafa wuraren yanka da na'urar IBM mai aiki da katin da aka huhhuda, sannan mutum ɗaya ya riƙa karanto lambobin, mutum biyu suna murza hannuwan injin, kowa da nasa ɓangaren. A 1949 rundunar sojan saman Amurka ta sa kuɗi a aikin, jami'ar MIT ta karɓa, kuma a 1952 ta nuna injin da ke karanta umarni daga zaren takarda mai ramuka, yana motsa kansa. Daga baya kwamfuta ta maye gurbin takardar. Harshen da ake yi wa injin magana da shi har yau gajere ne: G00 na nufin ruga zuwa wuri kaza ba tare da yanka ba, G01 yanka a miƙe, G02 yanka a kewaye, M03 kunna juyawar haƙori. Ɗalibi mai himma zai haddace waɗannan cikin 'yan kwanaki.

Domin ku ga nauyin da manyan ƙasashe ke ba wannan inji, a 1987 aka gano cewa wani reshen kamfanin Toshiba na Japan, tare da kamfanin Kongsberg na Norwe, sun sayar wa Tarayyar Sobiyet irin waɗannan injuna a ɓoye. Amurka ta ce da su aka sassaƙa farfelar jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku ta yadda ƙararsu ta ragu, gano su ya yi wuya. Fushin ya kai wasu 'yan majalisar Amurka suka farfasa rediyon Toshiba da guduma a harabar majalisa.

To, mu fa? Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya san Allah ya ba mu mutane masu basira a hannu. Ka kai musu karyayyen ƙarfen injin niƙa ko na famfon ban-ruwa, su juya shi a hannu, su ce ka dawo da la'asar. Kuma zai yi aiki. Ina girmama wannan ƙwarewa ƙwarai. Amma ka koma bayan wata uku ka ce a yi maka guda hamsin irinsa, kowanne ya shiga gurbin ɗan'uwansa ba tare da an sa zarto ba, nan za ka ga inda gizo ke saƙar. An yi na farkon ne da ido da gwaji, ba a rubuta awonsa ba, babu zanen da za a koma wa. Abin da injin CNC ya kawo wa duniya shi ne maimaitawa: na ɗari ya fito daidai da na ɗaya. Kuma ba zai iya ba sai an gaya masa awo a rubuce.

Bari in tsaya a kan awon nan, domin shi ne zuciyar maganata. Kaurin gashin kan mutum yawanci bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Gurbin da boris zai zauna a ciki kuwa, sau da yawa kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kashi biyu cikin ɗari na milimita ba. In ramin ya ɗara haka, boris zai riƙa rawa, ya yi zafi, ya ci gurbin. In ya gaza, sai an buga shi da guduma, ya lalace tun kafin a tada injin. Tef ɗin awo ba ya ganin wannan bambanci, sai na'urar awo da ake kira maikiromita, kuma sai hannun da ya iya riƙe ta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A duniya an amince cewa awon da aka rubuta a zane, awon abu ne a zafin digiri 20. Alminiyom yana miƙewa da kusan kashi 23 cikin dubu na milimita a kowace mita, duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ku lissafa da ni. Sandar alminiyom mai rabin mita, a shagon kwano a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, ta ƙaru da kusan kwatar milimita. Wannan ya ninka kuskuren da boris ke yafewa sau goma. Wanda ya auna ƙarfe yana fitowa da zafi daga inji, ya ce ya yi daidai, da safe zai tarar da wani awon daban. Ga ƙurar hunturu, wadda in ta gauraya da man da ke kan hanyoyin injin takan zama abin goge ƙarfe, ta cinye daidaiton injin a hankali. Ga ɗauke wuta a tsakiyar yanka, wanda kan karya haƙori ya ɓata aikin yini guda.

Roba kuma halinta daban ne. Ba ta fitar da zafi kamar ƙarfe, saboda haka in haƙori ya dakushe ko ya daɗe yana gugar wuri ɗaya, sai ta narke ta manne masa. Nailan yana shan laima ya kumbura, giyar da ta zauna daidai da rani tana iya cijewa da damina. Robar da ake kira Delrin ta fi riƙe awonta, shi ya sa aka fi son ta a ƙananan giyoyi da bushi. In aka matse roba da ƙarfi a wurin ɗauri, za ta lotsa, a yanka ta daidai, a sake ta ta koma karkatacciya. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Maƙerin da ya shekara yana taɓa kayan shi ya sani, kuma shi ya sa ban yarda da masu cewa injin nan zai kori maƙera ba.

Wata magana ga masu zane. Haƙorin yanka kewayayye ne, ba zai fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba; ku bar mata ɗan lanƙwasa. Kada kuma ku tsaurara awo a inda ba a buƙata, domin kowane tsaurarawa kuɗi ne. Yawancin tsadar abu guda ɗaya tana cikin shiri ne: zane, rubuta umarni, ɗaure ƙarfe, saita haƙora. In an gama wannan, na biyu zuwa na ɗari suna zuwa da rahusa.

Na taɓa shiga wata makaranta na tarar da irin wannan inji, sabo fil, ledarsa ma ba a gama cirewa ba, ƙura ta lulluɓe shi. An sayo shi, ba a sayo haƙora ba, ba a tanadi wuta tsayayya ba, malamin da aka tura horo kuma ya bar aiki. Abin ya yi mini ciwo, domin a bayan katangar makarantar akwai masu injin niƙa da ke jiran kayan gyara daga Sin na tsawon makonni.

Saboda haka ina roƙon hukumomin makarantunmu na fasaha: kafin ku nemi sabon inji, ku sa maikiromita a hannun kowane ɗalibi, ku koya masa karanta zane da rubuta shi. Injin da kuke da shi kuma, ku buɗe ƙofarsa ga ƙungiyoyin maƙera, su kawo aiki su biya, kuɗin ya sayi haƙora da man janareto. Ku kuma iyayenmu masu sana'a, ku turo yaranku su koyi awo da zane, kuma duk abin da kuka ƙera daga yau, a rubuta awonsa a littafi kafin ya bar shago.