Jujin da ke Bayan Ajinmu

Mai girma shugaban reshe, iyayenmu da suka riga mu riƙe alli, 'yan uwana malamai.

Mu mutanen Kalambaina, da zarar an ambaci ɗumamar yanayi sai idonmu ya tafi sama, ga bututun masana'antar siminti. Ni kuwa yau ƙasa nake so mu duba, ga jujin da ke bayan ajinmu.

Ɓawon rake, ragowar tuwo, ruɓaɓɓiyar albasa, kashin awaki, duk abin da ke ruɓewa, idan aka jibge shi ya danne juna, damina ta jiƙa shi, iska ta kasa ratsa shi, sai ya riƙa fitar da wani gas da masana ke kira metan. Ba a ganinsa, amma cikin shekara 100 ƙarfinsa na riƙe zafi ya ninka na iskar kabon fiye da sau 25. Dalili ke nan a 2021, a taron birnin Gilasgo, ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, suka yi alkawarin a rage shi da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, iyayenmu sun san maganin tun ba su san sunan cutar ba. Da rani akan cika mangala da shara, jaki ya kai ta gona ko fadamar Rima, a baza ta zama taki. Leda ce ta ɓata wannan al'ada. Manomi ya ga juji rabinsa leda, ya ƙi ɗauka, mu kuma muka koma cinna masa wuta, yara na karatu suna tari.

Bara na gwada da 'yan aji biyar. Muka ajiye kwando biyu, na leda daban, na mai ruɓewa daban. Muka haƙa rami mara zurfi ƙarƙashin darbejiya, muna shimfiɗa busasshen ganye, mu zuba ɗanyen, mu yayyafa ruwa. Juyawar ce sirrin: duk mako a juya, iska ta shiga, metan ya ragu, wari ma ya tafi. Cikin wata uku muka sami baƙin taki, da shi muka raya dashen zogale. Kuskurenmu ɗaya, hutu ya zo ba mu bar wa kowa amanar ramin ba, rami na biyu ya bushe ƙurmus.

Roƙona ga reshe, ya shugaba, a nema wa kowace makaranta shebur biyu da baro ɗaya, a kuma sa malami guda ya riƙe ramin har lokacin hutu.