Magana a kan Gyara da Kwaskwarima

 Ya ku malamai da almajirai, ku sani Bahaushe ya bai wa kowace ɓarna sunan gyaranta. Riga in ta kece a ɗinke, in ta huje a yi mata maho. Ƙwarya in ta tsage sai gyartai. Ƙashi in ya karye sai ɗori, rumbu in damina ta zaizaye shi sai yaɓe. Zamani kuma ya ƙaro mana faci na tayar keke da walda ta garmar shanu. Dukkansu suna ƙarƙashin kalma guda, gyara, wadda Larabawa ke ce wa islahi, kishiyar fasadi. Daga tushen islahi ne sulhu ya fito, wato gyaran tsakanin mutane.

To, ku duba ƙwaryar da gyartai ya ɗinke. Ɗinkin yana fili, mai saye ya gan shi, ya taya a kan abin da ya gani. Wannan shi ne gyara: an toshe aibi, ba a ɓoye cewa an yi aibin ba.

Amma akwai wata kalma da take shiga rigar gyara alhali ba ɗiyarta ba ce, ita ce kwaskwarima. Asalinta a shafe tsohon abu ya yi ƙyalli kamar sabo. In mutum ya yi wa kayansa don kansa, babu laifi. In ya yi don ya rufe idon mai saye, sunanta algus. Mu nan ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ƙasar auduga da masara da dawa, mun san kamanninta: a yayyafa wa auduga ruwa don ta yi nauyi a sikeli, a zuba tsaba mai kyau a bakin buhu, ƙura da mai ƙwari a gindi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya zargi mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin, ya lissafa ɓoye aibi da cakuɗa mugu da mai kyau cikin abin da bai halatta ba a ciniki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gyaran kasuwa. Ka sayi tiya goma, ka ce a yi maka gyara, mai awo ya ɗebo da hannu ya ƙara. Al'ada ce kyakkyawa, alheri ne. Sai dai wani ya riga ya buge gindin tiyarsa ta tsuke, ya tauye ka sau goma, sa'an nan ya ƙara maka tafi guda, kai kuwa kana ta sa masa albarka! Tauye mudu shi ne ciwon mutanen Madyana, kuma a Suratu Hudu da sunan islahi Annabi Shu'aibu ya kira aikinsa a cikinsu.

Almajirin da ya karanta Ahalari ya san hukuncin nan tun a babin rafkanuwa. Wanda ya rage sunna mai ƙarfi ya yi ƙabli, wanda ya yi ƙari ya yi ba'adi, salla ta gyaru. Wanda ya bar farilla kuwa, sujadar rafkanuwa ba ta ɗauke masa, sai ya kawo farillar da kanta. Cika awo farilla ne, gyaran kasuwa nafila. Wanda ya tauye, ya mayar wa mai haƙƙi abinsa in ya san shi. In bai san shi ba, ya yi sadaka da gwargwadonsa a madadinsa, ya kai tiyar nan maƙera a buɗe mata gindi kafin kasuwa ta sake ci.