Yadda Tsoka ke Ginuwa a Cikin Faranti: Jawabi ga Malaman Reshenmu

 

A darasin kimiyya mukan gaya wa yara cewa tsoka ce ke motsa ƙashi, sai mu wuce. Yau ina so mu tsaya a kan tambayar da yaro mai kaifin hankali zai iya jefo mana: ita tsokar, yaya take ginuwa? Masana sun sami amsar ne ta hanyar renon ƙwayoyin halitta a cikin faranti, a ɗakin gwaje-gwaje.

A shekarar 1961 Alexander Mauro ya gano wasu ƙananan ƙwayoyi kwance a gefen zaren tsokar kwaɗo. Su ne ajiyar jiki: idan tsoka ta ji rauni sai su farka, su hayayyafa, su gyara ɓarna. A 1977 kuma David Yaffe da Ora Saxel suka samo irinsu daga cinyar ɓera, suka rene su. Zuriyarsu da ake kira C2C12 na nan ana aiki da ita har gobe.

Ga yadda renon ke tafiya. Ana ajiye farantin a zafin digiri 37, daidai da ɗumin jikin mutum, a shayar da ƙwayoyin da ruwa mai gina jiki wanda kashi 10 zuwa 20 cikin 100 nasa ruwan jinin ɗan tayin saniya ne. Muddin suna cikin wannan wadata, aikinsu ɗaya ne: rabuwa gida biyu, su yi ta ƙaruwa, kowace tana zaman kanta. Idan sun kusa cika faranti, sai a sauya musu ruwan da wanda ke da kashi 2 kacal na ruwan jinin doki. Nan take al'amari ya juya. Su daina rabuwa, su miƙe, su jeru kamar sahun salla, fatunsu su narke cikin juna. Cikin 'yan kwanaki sai ga dogayen zarurruka, kowanne ɗauke da cibiyoyi masu yawa, har wasu kan motsa da kansu. A 1987 ɗakin binciken Harold Weintraub a Amurka ya gano MyoD, ƙwayar gadon da ke ba da wannan umarni. Da aka sanya ta cikin ƙwayoyin da ba na tsoka ba, sai suka kama hanyar zama tsoka.

Abin lura shi ne yawa daban, ƙosawa daban. Ƙwayar da ke ci gaba da rabuwa ba ta zama tsoka, sai ta tsaya ta haɗu da 'yan'uwanta. Amma kada wani ya ɗauki rage abincin nan hujjar rage albashi!

Wannan ilimi ya riga ya fito kasuwa. Da shi ake gwada magungunan cututtukan shanyewar tsoka. A 2013 Mark Post ya nuna naman saniyar da aka rena ta wannan hanya a Landan, Singafo kuwa ta amince da sayar da irin wannan naman kaza a 2020. Ɗalibanmu za su ji labarin, su tambaye mu ko gaskiya ne, malaman addini kuma za su tattauna hukuncin cinsa. Ya dace su same mu da bayani sahihi.

Ina roƙon ku gwada abu guda a aji. Ku kawo dafaffen nama, ku bar yara su yage shi tsawo-tsawo, ku gaya musu cewa kowane silin da suka gani damin zarurruka ne, kowane zare kuma ƙwayoyi ne da yawa da suka zama ɗaya.

 Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.