Ajiyar Jiki Tun Ana Da Lafiya: Jawabi Kan Ciwon Kuben Jijiya



Ciwon da zan yi muku bayaninsa yau ba shi da yawa a ƙasarmu, amma wanda ya same shi yakan daɗe yana yawon neman magani kafin a gane abin da ke damunsa. Likitoci suna kiransa maltiful sikilarosis. Wani likitan Faransa mai suna Charcot ne ya bayyana shi dalla-dalla a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ke fama da shi a duniya, mata kuwa sun ninka maza.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da kube, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan ciwo garkuwar jiki ce ke juyawa ta cinye kuben, sai saƙo ya riƙa jinkiri ko ya yanke. Ido ɗaya ya yi hazo, ƙafa ta mutu, fitsari ya gagari riƙewa, ga gajiya marar dalili. Yawanci yakan fara tsakanin shekara 20 da 40. Yakan tafi ya dawo, shi ya sa dangi ke saurin cewa iska ce ko sammu, su kwantar da mutum a ɗaki wata da watanni.

To, ga abin lura. Mutum biyu za su zo asibiti, hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna ɓarna kusan iri ɗaya, a sa su gashi da motsa gaɓoɓi tare, amma ɗaya ya miƙe da sanda, ɗaya ya daɗe a tabarma. Wani ɓangare na bambancin yana cikin irin zaman da kowannensu ya yi kafin ciwon. Wanda ya saba huɗar doya ko tafiyar ƙasa ya zo da ƙarfin tsoka da na zuciya, kuma shi ne jarin da ma'aikacin gashi zai juya. Wanda ya zo da nauyin jiki da dogon zama, sai an fara tara jarin tukuna. Ƙwaƙwalwa ma tana da tata ajiyar. Wanda ya saba karatu, ko lissafi, ko sana'ar da ke bukatar tunani, yakan fi jure ɓarnar kafin mantuwa ta bayyana.

Taba kuwa ba ta da uzuri ko kaɗan. Tana ƙara haɗarin kamuwa, tana kuma gaggauta nakasa ga wanda ya riga ya kamu. Wanda ya bar ta bayan an gane ciwon ma ya ci riba.

Kada wani ya fahimci cewa laifin marar lafiya ne. Akwai gado a ciki, kuma binciken da aka buga a 2022 kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya ɗora babban zargi kan ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowa ya taɓa ɗauka.

Da can likitoci da kansu kan ce wa masu ciwon su huta kawai. A 1996 wani gwaji a Utah ta Amurka ya nuna motsa jiki daidai gwargwado yana ƙara musu ƙarfi, yana kuma gyara zaman rai. Saboda haka wanda bai yi ajiya da wuri ba yana iya farawa yau.

Sai dai mu a nan muna da zafi. Tun 1890 likita Uhthoff ya lura cewa ganin masu ciwon yana dusashewa idan sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi. Wannan ba sabuwar ɓarna ba ce, takan wuce idan jiki ya huce. A Maris da Afrilu, lokacin da ranar Lafia ke ƙuna, a yi atisayen bayan sallar asuba ko da yamma lis, a ajiye ruwan randa kusa, a huta tun kafin gajiya ta kama. Idan kuwa sabuwar alama ta wuce kwana ɗaya ba tare da zazzaɓi ba, a koma wurin likita.