Ruwa Ya Janye, Tsoro Bai Janye Ba

(Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa)



Masu zuwa cin rani Legas sun san teku. To, tekun nan ƙaruwa yake yi. Duniya ta ƙara zafi, ƙanƙara tana narkewa tana gangarawa cikinsa. Daga shekarar 1900 zuwa yau ya hau kimanin santimita 20, wato kusan taƙi guda. A garin Ayetoro na Jihar Ondo, teku ya cinye gidaje da yawa. Mutanen garin suna kwana ba su san inda ruwa zai kai kafin asuba ba.

A nan babu teku, amma an san wannan fargaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya rufe gonaki da kufai, aka tashi ƙauyuka. A watan Agusta na 1988 kuma madatsar Bagauda ta fashe. Dattawan Bebeji ba su manta ba.

Bayan ambaliya akan ƙirga gidaje da rumbuna da dabbobi. Ciwon da ke cikin zuciya kuwa, ba mai ƙirga shi. Magidanci ya daina barci idan hadari ya haɗu. Uwargida ta rasa sha'awar abinci, kullum tagumi. Yaro ya koma fitsarin kwance, ko ya firgita da jin tsawa. Wani saurayin ya fara shan ƙwaya don ya manta. Sai a ce aljanu ne, ko a ce rashin tawakkali. Sau da yawa ba haka ba ne. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar zazzaɓi.

Kada a yi wa mai shi dariya, kada a ɗaure shi. A zauna da shi, a bar shi ya faɗi abin da ke cin sa. A yi gayya a tayar masa da katanga, don ganin ɗaki a tsaye yana kwantar da hankali. Idan ya wuce mako biyu ba barci ba walwala, a kai shi asibiti mafi kusa. Daga can za a iya tura shi asibitin Dawanau a Kano. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.